Gubar da ta shigo ta turmi: matan Zamfara da annobar dalma ta 2010

Waɗanda data ba ta barinsu su saurari murya, ga shirin namu a rubuce kamar yadda muka saba. Na yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri a bi ni a hankali.

Tarihi za mu taɓa yau, amma ba na zamanin kakanni ba. Na 2010 ne, shekarar da da yawanmu muna firamare ko ƙaramar sakandare. Ni lokacin ina da shekara 13, muna zaune a Gusau, kuma ina tuna yadda kullum rediyon babanmu ke maimaita kalma biyu, gubar dalma, gubar dalma. Ban fahimci komai ba. Abin da na ɗauka shi ne wata cuta ce ta masu haƙar zinare, can cikin rami, can cikin daji, abin da ya shafi maza. Sai da na shiga jami'a na zauna na karanta binciken da aka yi a ƙauyukan, sannan na ci karo da layi ɗaya da ya tsayar da ni. Masu binciken sun lissafa abubuwan da suka ƙara wa yaro haɗarin mutuwa, kuma a cikinsu akwai wannan: idan mahaifiyarsa tana aikin sarrafa dutsen. Mahaifiyarsa fa. Matar da galibi ko bakin ramin ba ta taɓa zuwa ba. To yaya aka yi? Wannan tambayar ce shirinmu na yau.

Bari mu fara da abin da ya faru. A farkon 2010, a wasu ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, agwagi suka fara mutuwa. Daga baya mutane suka riƙa cewa ai sun lura agwagin sun ragu, amma a lokacin ba wanda ya ɗauki abin da muhimmanci. Kun san dai a ƙauye kaji da agwagi dukiyar wa ce. Ta matan gida ce. Wato asarar farko ma a hannunsu ta faɗa, tun kafin a san akwai annoba.

Sai yara suka biyo baya. Yaro zai fara amai da ciwon ciki, ya daina wasa, jikinsa ya saki, sai jijjiga, sai suma, cikin 'yan kwanaki a kai shi makwanci. Aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, aka ɗauka sanƙarau ne tunda lokacin zafi ne. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitocin nan ta MSF, waɗanda ke zagayen sa ido kan sanƙarau, suka ji labarin yawan mace-macen. Suka ba da maganin zazzaɓi, suka ba da na sanƙarau, yara ba su daina mutuwa ba. Da aka aika jini Turai aka gwada, sai ga amsa: dalma ce, kuma mai yawan da likitoci da dama ba su taɓa gani a jikin ɗan adam ba.

A watan Mayu da Yuni na shekarar, hukumar CDC ta Amurka tare da jami'an lafiya na Najeriya suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, Dareta da Yargalma. Gidaje 119 suka shiga. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, an rasa 118 a cikin shekara guda. Ɗaya cikin huɗu ke nan. Ku ɗan tsaya ku ƙirga yaran layinku, ku cire ɗaya daga kowane huɗu. Cikin masu rai suka gwada jinin 204, kuma babu ko ɗaya da ya tsira daga gubar. Kashi 97 cikin 100 sun kai ma'aunin 45 ko sun wuce, wato matakin da likita ke cewa a fara magani nan take, alhali a wancan lokacin daga 10 ake fara damuwa. Ƙaramar na'urar gwajin da ake yawo da ita iyakarta 65, kuma jinin yara da yawa ya fi ƙarfin abin da take iya karantawa. Da aka haɗa ƙauyukan da abin ya shafa, an ƙiyasta aƙalla yara 400 ne suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Ga adadin da ya fi shafar zancenmu: a gida biyu cikin kowane uku da aka shiga, a cikin gidan ake sarrafa dutsen zinaren. A tsakar gida, inda ake girki, inda yara ke rarrafe.

Yauwa. Don mu gane yadda dutse daga daji ya samu wuri kusa da murhu, sai mun ɗan koma baya.

Mu Hausawa muna cewa mace tana zaune a gida, kamar zaman hutu take yi. Duk wanda ya tashi a gidan Bahaushe ya san ba haka ba ne. Tsakar gida masana'anta ce tun fil azal. Kakanninmu sun yi kaɗi, sun sayar wa masaƙa zare. Sun yi man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, sun yi daddawa, sun dama fura, sun yi kitso, sun yi dakau, wato a kawo miki hatsin wani gida ki daka a biya ki. Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta rubuta cewa akwai wata babbar kasuwa a ƙasar Hausa da baƙo ba ya gani, domin a cikin gidaje take ci, mata ke riƙe da ita, yara ne 'yan aikenta. Mu kam ba ma buƙatar a faɗa mana, mu ne 'yan aiken.

Kuma kuɗin nan nata ne, addini da al'ada duk sun yarda da haka. Da shi take zuba adashi, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki, da shi take yin gudummawar biki da suna wadda za a rama mata ranar nata. Idan cefanen maigida ya gaza, daga nan ake cikawa ba tare da maƙwabta sun ji ba. Idan yaro ya kwana da zazzaɓi, sau da yawa daga bakin zaninta kuɗin magani ke fitowa. Sana'ar cikin gida ita ce 'yar garkuwar da mace ke da ita, har a ranar da aure ya ƙi daɗi.

To amma sana'o'in nan sun daɗe suna ƙanƙancewa. Zaren masana'anta da yadin kanti suka kashe kaɗi. Injin niƙa ya rage dakau. Man gwangwani da dunƙulen ɗanɗano suka shiga kasuwar man gyaɗa da daddawa. Abin da ya rage riba ce ta 'yan nairori. A daidai wannan hali ne zinare ya fara tashi a kasuwar duniya. A 2001 oza ɗaya ba ta kai dala 300 ba. A 2010 ta haura dala 1,200. Manomin da gonarsa ba ta ciyar da shi shekara, ya ga cewa dutsen da ke ƙarƙashin dajinsu ya fi gero kawo kuɗi. Maza suka shiga rami.

Dutsen da aka haƙo ba ya zama zinare sai an farfasa shi, an niƙe shi ya koma gari, an wanke, an shanya, an haɗa da sinadarin da ke kama zinaren. Aiki ne mai yawa, kuma rabinsa daka ne da niƙa da shanya. Su wa suka iya daka da shanya? Su wa ke neman aikin da za a yi ba tare da an fita ba? Sai aka riƙa ɗauko buhunan dutse ana kawowa cikin gari. An girke injinan niƙa a tsakiyar unguwa, irin dai na niƙan hatsi. Wani dutsen aka shigar da shi gida, mata suka sa guduma, suka sa turmi da taɓarya, suka baza garin a tsakar gida ya sha rana. A wurinsu dakau ne ya dawo, kuma wannan karon da kuɗi mai kauri. Ni da a ce ina wurin, wallahi da na karɓa. Ke ma da kin karɓa.

Abin da ba wanda ya sani shi ne dutsen wasu ramukan cike yake da dalma. Ita kuwa dalma ba ta wari, ba ta ɗaci, ba ta ƙona fata. Ƙura ce kawai, kamar kowace ƙura. Da aka auna ƙasar wasu wuraren da ake aikin, an samu dalma fiye da kaso 100,000 cikin miliyan, wato kashi 10 cikin 100 na ƙasar da ake takawa. A Amurka a lokacin, idan filin wasan yara ya wuce 400 cikin miliyan, ana ɗaukarsa wuri mai haɗari.

Yanzu ku kalli ranar uwa ɗaya. Tana daka da goyo a baya, ƙurar na tashi daidai hancin jaririn. Ta sauke shi ta ba shi nono da ƙurar a jikinta da zaninta. Mai rarrafe yana ƙasa, hannu a ƙasa, hannu a baki. Da yamma ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida, ƙurar ta sake tashi ta sauka a kan kwanuka da randa. An kai gero inji, wataƙila injin da ya niƙa dutse ɗazu. An surfa a turmi, an shanya a ƙasa. Binciken da aka yi kan abinci daga baya ya nuna cewa yawancin dalmar da ke cikin hatsi bayan girbi take shiga, wajen sussuka da niƙa da shanya. Ga kuma jikin yaro ƙarami yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke tsotsa. Shi ya sa manya ke yawo da ƙafafunsu, ƙanana na faɗuwa.

Kun ga inda layin nan da ya tsayar da ni ya fito. Yaro ƙarami inda uwarsa take nan yake. Idan aikinta ya zama guba, shi ne na farko da zai sha. Amma ku yi tunanin yadda wannan bayani ke sauka a kunnen matar da ta binne ɗa biyu ko uku. An zo an ce mata abin da ya kashe su a turminta yake. Mu kuma mun iya ɗora wa uwa laifi. Yaro ya yi ƙazanta, uwarsa ce. Ya yi rashin kunya, uwarsa ce. Don haka nake so mu faɗa da babbar murya: ba ita ta haƙo dutsen ba, ba ita ta sa masa farashi ba, ba ita ke da alhakin auna shi ba, kuma ba wanda ya taɓa zuwa ya gargaɗe ta. Akwai dillalai da suka saya, akwai hukumomin da aikinsu ne sa ido kan ma'adinai. Ita aikin da aka miƙo mata ta yi don ta rufa wa gidanta asiri.

Mu je kan jinya. A watan Yuni na 2010 MSF ta buɗe wuraren kwantar da yara a Anka da Bukkuyum. Maganin da ake bayarwa yana kama dalmar da ke cikin jini ya fitar da ita ta fitsari. Zagaye ɗaya yana ɗaukar mako 3 zuwa 4, kuma yara da yawa sai da aka yi musu zagaye bayan zagaye, domin dalmar da ta ɓuya a ƙashi tana sake dawowa cikin jini. A farko kwantar da yaran ake yi, saboda ba amfani a wanke jinin yaro a mayar da shi cikin ƙurar da ta sa masa cutar. To wa zai zauna da ɗan shekara 2 a asibiti wata guda? Uwarsa. Matar da wataƙila ba ta taɓa kwana a wajen ƙauyensu ba sai gidan biki, ga ta a garin da ba nata ba, a farkon damina, lokacin da maza ke gona kuma ake jiran abincin rana daga hannunta.

Nan zan ɗan kawo nawa labarin, duk da bai kai nasu ba ko kusa. Ina aji uku na ƙaramar sakandare ƙanina ya kwanta asibiti kwana 19. Ba dalma ba ce, wata cuta ce daban, kuma alhamdulillahi ya warke. Ranar da za su tafi Umma ta kira ni ɗaki ta ce, “Ke ce babba, ga gidan nan.” Shi ke nan jawabin. Na koma mai girki, mai wanki, mai shirya ƙanne uku, mai kai abinci asibiti safe da yamma. Mako biyu ban taka makaranta ba, yayana kuwa ko rana ɗaya bai fasa ba, kuma ba wanda ya ga wani abu a ciki, har ni kaina. Umma tana sayar da zoɓo da ƙanƙara a lokacin. Da ta dawo, masu sayenta sun koma wani gida, jarin kuma an cinye shi a magani. Sai da ta yi kusan shekara kafin ta farfaɗo. Ɗa ɗaya ke nan, kwana 19, a cikin birni. To ku auna ƙauyen da kusan kowane gida akwai mai jinya. Kishiya tana da nata marar lafiyar, maƙwabciya haka, kaka ta tsufa. Wa ya rage? 'Yar shekara 10 ko 12. Haka annoba ke yi a gidajenmu: tana ɗauke uwa ta kai ta bakin gadon asibiti, ta ɗauko 'ya mace ta tsayar a gurbinta.

Bayan jinya sai gyaran muhalli. Wani kamfanin Amurka mai suna TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, tare da gwamnatin jiha da mutanen gari, suka fara aikin a Dareta da Yargalma a tsakiyar 2010. Daga ƙarshen shekarar zuwa farkon 2011 aka yi Abare, Sunke, Tungar Daji, Tungar Guru da Duza. Yadda ake yi shi ne a kankare saman ƙasar gida, kamar santimita 5, a kwashe a kai rami na musamman a binne, a kawo ƙasa mai tsabta a shimfiɗa. Da fartanya da shebur aka yi, gida bayan gida. Ku tuna gidajen nan na “ba shiga” ne, namiji baƙo iyakarsa zaure. Dole sai da aka sa mata cikin ma'aikatan, su shiga su yi wa matan gida bayani, su ji ta bakinsu. Ai dama ita ce ta san kusurwar da aka fi daka, da inda aka shanya gari, da tabarmar da aka zuba shi a kai. Kuma ita ce za ta fitar da kayan ɗakinta kaf, ta wanke, ta mayar.

Sai doka ta biyo: kada a sake kawo dutse cikin gari. Sarakuna da dagatai suka tsaya a kai, aka mayar da niƙa da wanki can bayan gari. Wannan daidai ne, kada wani ya fahimce ni a karkace, matakin nan da magani su suka sa mace-macen suka ragu ƙwarai cikin ɗan lokaci. Amma mu tambayi kanmu, da aikin ya bar tsakar gida ya koma daji, wa ya bi shi? Maza da samari. Matar da ke kulle ba za ta je sansanin niƙa ba. Zinaren bai tsaya ba, rami bai rufe ba, dillali bai daina zuwa ba. Kason da ya yanke shi ne nata. Ta rasa ɗa, ta yi jinya, sannan sana'ar da ta fi kowace kawo mata kuɗi ta fita daga hannunta. Kuma duk inda aka hana mutum abin da yake ci da shi ba a ba shi madadi ba, a sa ran wata rana zai koma a ɓoye.

Ga kuma sabon aiki da ya ƙaru. Duk saƙonnin kariya da aka riƙa bayarwa, ku saurare su da kyau ku ji da wa suke magana. A wanke hannun yara kafin su ci abinci. A yayyafa ruwa kafin shara. Kada a bar yaro ya ci ƙasa. A rufe abinci. A wanke kayan mai haƙa daban. A ba da magani a kan lokaci, a kai yaro gwajin jini ranar da aka sa. Shawarwari ne masu kyau, kowace ɗaya tana ceton rai. Amma “a yi, a yi” ɗin nan, idan ka cire mata lulluɓi, “ki yi” ce. Kuma kowace tana cin ruwa da sabulu da lokaci, a ƙauyen da ruwan ma sai an ja daga rijiya.

Bagega ita ce ta fi kowane ƙauye girma, ita ce kuma ta fi daɗewa tana jira. Likitoci suka ce ba za su fara magani ba sai an gyara ƙasar, gyara kuma sai da kuɗi. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850. A watan Mayu na 2012 aka yi babban taro a Abuja kan matsalar, aka watse, kuɗi shiru. MSF ta yi ta nanata cewa yara kusan 1,500 na jira a Bagega. Ƙungiyar Human Rights Watch ta yi ta magana. Wasu matasa, Hamzat Lawal da abokan aikinsa na Follow The Money, suka ɗauki zancen suka kai shi Twitter da Facebook da taken SaveBagega, suka hana shi mutuwa. Sai a ƙarshen Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin, aka yi gyara, aka fara magani a shekarar. Mu masu fafutuka muna son wannan labarin, don yana nuna mana cewa waya a hannun matashi na iya motsa Abuja, kuma gaskiya ne. Amma daga 2010 zuwa 2013 kusan shekara uku ce. A duk tsawonta akwai matar da aka riga aka faɗa mata cewa ƙasar ɗakinta guba ce, ba ta da wani ɗakin, kuma kowace safiya sai ta sauke ɗanta a kanta.

Akwai abin da ko gyaran ƙasa ba ya kwashewa. Dalma tana zama a ƙashin mutum shekaru masu yawa. Idan mace ta ɗauki ciki ko tana shayarwa, jikinta na ɗebo sinadarin ƙashi don ya gina jariri, sai dalmar ta biyo, ta ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi. Tana iya jawo ɓari, ko haihuwa kafin lokaci, ko jariri marar nauyi. Yarinyar da ke da shekara 4 a Dareta a 2010, yau ta isa aure, wataƙila ma da goyonta. Sannan ga yaran da suka rayu amma gubar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Wasu sun makance, wasu ba sa ji, wasu ba sa iya tafiya, wasu karatu ba ya zama. Maganin yana rage dalma a jini, amma ba ya mayar da abin da ya lalace. Yaron da aka goya yana shekara 2, ana iya ci gaba da ɗaga shi ana kwantarwa yana shekara 15. Wa ke yi? Kun san amsar.

A farkon 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar Zamfara, bayan fiye da shekara 11, ta gwada yara sama da 8,000. Idan ana ba da tarihin annobar, lissafin da muke ji ke nan: yara nawa suka rasu, nawa aka yi wa magani, gida nawa aka gyara, naira nawa aka kashe. Duk suna da muhimmanci. Amma akwai lissafi na biyu da ya kamata ya zauna kusa da shi: kwanakin da uwa ta yi a asibiti, jarin da ya narke, zangon karatun da 'ya mace ta rasa, shekarun da za a yi ana ɗawainiya da wanda ya nakasa. Wannan ma kuɗi ne, mata ne suka biya, kuma ba a taɓa ware musu shi a kasafi ba.

Kada ku ce ai ya wuce. A 2015 irin wannan ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yankin Shikira, yara 28 suka rasu. A 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara saboda matsalar tsaro, a Disambar 2024 ta ɗage hanin. A 2025 oza ɗaya ta zinare ta haura dala 3,000, fiye da ninki biyu na farashin da ya ja mutane cikin rami a 2010. Talaucin yana nan, dutsen yana nan, kuma yanzu ga rashin tsaro da ke sa ma'aikacin lafiya tunani biyu kafin ya shiga wasu ƙauyukan.

To me nake so mu ɗauka? Abu uku ne, kuma ba su fi ƙarfinmu ba. Na ɗaya, idan kana da ɗan'uwa mai aikin zinare, ko a Zamfara ne ko Neja ko Kebbi ko Kaduna, ka faɗa masa kada dutse ko garinsa ya shiga gida, kada a niƙa shi a injin hatsi, kuma ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya ɗauki yaro. Wannan nauyin nasa ne, kada a jibga wa matarsa. Na biyu, mu da ke shiga ƙungiyoyi da tarukan wayar da kai, duk ranar da aka zo da tsarin yaƙi da wata cuta, ko kwalara ce ko mashaƙo ko wata sabuwa, mu ɗaga hannu mu yi tambaya: wannan aikin da kuka lissafa, wa zai yi shi a cikin gida? Idan za a hana wata sana'a, me aka tanadar wa mai ita? An shiga an tambayi matan, ko a zaure aka tsaya? Na uku kuma na cikin gidanmu ne. Ranar da wani ya kwanta ciwo, a duba wa aka cire daga makaranta. 'Yan'uwana maza, kai abinci asibiti da wanke kwano ba sa rage wa namiji komai.

Da na gama haɗa shirin nan na kira Umma na karanta mata wani ɓangare. Ta yi shiru, sannan ta tambaye ni ko a cikin matan akwai waɗanda aka ba wa jari daga baya. Ba ta tambayi sunan maganin ba, ba ta tambayi miliyan nawa aka saki ba. Tambayar da ta fara zuwa mata ke nan, don ta san abin da ake tararwa idan an dawo gida daga jinya.

Nan za mu dakata. Wanda ya fito daga Anka ko Bukkuyum ko Rafi, ko mahaifiyarsa ta ga wannan zamani da idonta, ya zauna da ita ya ji daga bakinta tun tana da ƙarfin bayarwa, in ta yarda kuma ya rubuta. Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya ba masu jinya lada, ya kare mana na baya. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.